Irin da na ba ƙanwata ajiya

Ni ban iya zagaye-zagaye ba. Rubutun ma da furfura a kaina na koye shi, a ajin manya da ake yi mana bayan la'asar, hannuna kuma yana gajiya da wuri. Don haka abin da ya faru zan faɗa kawai. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta dube ni ido cikin ido ta ce irinmu yana nan a wurinta. Ba ya nan. A kan wannan magana na rasa masakwar mahaifiyarmu, wadda muke ce wa Dada.

Masakwa dawa ce, amma ta rani. Ba ta shan ruwan sama. Idan damina ta fara juya baya sai a yafa irin a ɗan fili mai yashi, ya fito kamar ciyawa. In ruwan fadama ya ja, a ciro shi a kai karal, wato baƙar ƙasar nan mai danƙo da take tsattsagewa in ta bushe. Namiji ya soka sanda mai tsini, mace ta bi bayansa ta zuba ruwa ɗan gwangwani a ramin, ta sa dashe biyu. Ruwan da za a ba ta ke nan har a yanke ta. Sauran ita za ta nemo da saiwarta can ƙasa, da raɓar asuba. Gonarmu tana bayan unguwar Mbamoi a Yola, nan na tsufa da duƙawa.

Maƙwabtanmu duk suna da masakwa, amma ba irin tamu ba. Tamu rawaya ce, zangarniyar a dunƙule, wuyan a lanƙwashe kamar ƙugiya. Dada daga gidan uwarta ta zo da ita ranar da aka kawo ta Yola. Tuwonta yana kwana bai saki ba. Kununta ba ya neman sukari. In ana surfa ta, mai wucewa ta bayan katanga ya san gidan da ake yi.

Dada tana da doka biyu a kan iri, kuma ba ta wasa da su. Ta farko, ba a sussuke shi. A zaɓi manyan zangarniyu tun a gona, a ɗaure, a rataya a madafi inda hayaƙi zai riƙa bugunsu, ƙwaro ba ya kusanta. Ta ce a kan zangarniya kowa ya san abin da ya riƙe, in an sussuke kuwa tsaba ce kawai, ta wani da taka duk ɗaya a ido. Ta biyu, ba a ajiye iri a gida ɗaya. Dami biyu ake yi, ɗaya a gidanka, ɗaya a gidan ɗan uwa, saboda gobara, saboda ambaliya, saboda ɓera. In shekara ta zagayo aka kai sabo, tsohon ya zama na mai ajiya, ya ci abinsa, ladarsa ke nan. Ita gidan kawunmu take kai nata.

Da Dada ta rasu, gonar ta zo hannuna, don mijina manomi ne. Ƙanwata ma'aikacin gwamnati ta aura, suka zauna a Rumde, cikin Jimeta. Ba ta sake taka karal ba, ban kuma ga laifinta ba, ba kowa ke son laka ba. Sai ajiya ta zama nata rabon aikin. Kowace shekara in mun yanke, in ɗauki dami in shiga mota in kai mata. Da farko ni da hannuna nake ratayawa a madafinta. Da suka yi sabon gini, aka sa silin aka kawo risho, babu hayaƙi kuma, sai ta ce za ta riƙa sawa a durom cikin sito, da toka da ganyen darbejiya. Na yi ƙorafi. Ta yi dariya ta ce ni dai a duniya ba abin da nake yarda da shi sai hayaƙi, ko Aljanna aka sa ni sai na tambayi ina murhu. Na ce ita kuma ko a can sai ta nemi tayil. Haka muke da ita. Na bar mata.

Shekaru suka yi ta wucewa ban taɓa neman ajiyar ba. Allah ya tsare mu da gobara, ruwa bai taɓa cin ɗakinmu ba. Mijina ya rasu, na ci gaba da noma da 'yan ƙwadago, na ci gaba da kai dami Rumde.

Sai shekarar da yaran daji masu bindiga suka kama garuruwan da ke arewa da mu, har Mubi. Wanda yake Yola a lokacin ya san yadda mutane suka shigo, wasu a mota, da yawa a ƙafa, ƙafafun a kumbure. Mijina yana da aboki a wajen Michika, Kirista ne, tun suna samari suke harkar wake tare. Shi ba a san inda ya faɗi ba har yau. Matarsa ce ta iso ƙofata da surukanta mata da jikoki, ba ta da komai sai zanin jikinta da ɗan littafin addu'arta. Sau ɗaya ta taɓa zuwa gidana, lokacin wani suna, amma ta gane hanya. Bayanta wasu suka biyo, dangin dangi, har da waɗanda ita ma ba ta sani ba. Ban ƙirga su ba. Wanda ya shigo dai, akwai tabarma.

An yi ta rabon abinci a gari, ba zan ce ba a yi ba. Mun ga buhuna da rubutun ƙasashen da ban san sunansu ba, shinkafa mai tsawo, masara fara, da wata ɓarzajjiyar alkama da ba mu san yadda ake dafa ta ba, sai da muka ɓata tukunya biyu. Amma yawanci sansani ake kaiwa. Mu da muka ajiye mutane a gida, sai in an tuna da mu. Masakwar da na yanke a ranin nan ita ta riƙe gidan. Baƙuwar nan tawa, matar Michika, ita ce kan surfe da tankaɗe. Manomiya ce ta gaske, 'yar kan dutse, hannunta kamar na namiji. Tana ce mini Goggo, ina ce mata Mama. Ranar da ta fara cin tuwon ta tsaya ta dube ni, ta ce wannan wace irin dawa ce. Na ji daɗi har raina.

Kafin tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa. Na sayar da awaki, suka ƙare. Masarar bayan gida ko gemu ba ta fitar ba. Yara suka fara bin bango, ba sa wasa. Akwai wata surukar Mama mai goyo, nononta ya ɗauke, jaririn ba ya ko kuka da ƙarfi. Abin da ya rage a gidan mai tsaba shi ne damin iri da ke rataye a kan murhu. Babba ne, don ni ba na ƙwauron iri. Kullum in na shiga madafi sai na ga idon matan nan ya hau sama ya sauko.

Na ɗauki mayafi na tafi Rumde. Ba roƙo na je ba, ita ma gidanta akwai dangin miji da suka gudo, na sani. Tambaya ɗaya na je yi. Na same ta a falo, fanka tana juyawa. Bayan gaisuwa na faɗa mata halin da ake ciki, na ce ina so in niƙa damina, amma ba zan taɓa shi ba sai na tabbata nata yana nan lafiya.

"Yana nan, Adda," ta ce.

Adda take ce mini, wato babbar yaya. Na ce ƙwaro bai shiga ba?

"Ko ɗaya. Ki niƙa naki, ki ba mutane su ci. In lokacin yafi ya yi ki zo ki ɗauka."

Na ce to bari in leƙa in gan shi, hankalina ya kwanta. Ta ce mabuɗin sito yana hannun maigidan, ya fita da shi. Sannan ta ɗan ɓata fuska ta ce ko yanzu ta zama ɓarauniya ne da sai an bincike ta. Ni na goye ta a bayana tana jaririya. Ta yaya zan ce mata fasa ƙofa in gani? Na ce Allah ya kiyaye. Ta ba ni lemo na sha, ta ƙunsa mini shinkafa a leda, na dawo.

Washegari na hau turmi na sauke damin. Baƙi ƙirin da hayaƙi, amma in ka murza tsabar sai ka gan ta rawaya kamar an wanke. Muka shimfiɗa tabarma za mu sussuka. Mama ta zaro zangarniya uku manya ta riƙe a hannu. Ta ce in bar waɗannan a sama, uku ba za su ƙosar da kowa ba, su a can kan dutse ko gudu za a yi sai mace ta soke zangarniya a ɗankwali. Na ce ita ina tata da ta soke. Ta ce sun fito ne daga coci, ba ta koma gida ba. Na ji kunyar tambayar. Amma duk da haka na karɓe ukun daga hannunta na jefa cikin turmi. Na ce mata:

"Mama, ni ina da 'yar uwa. Dami guda yana jirana a Rumde."

Da alfahari na faɗa. Ina so ta ga yadda gidanmu yake da tsari.

Mun ci. Kunu muka riƙa yi don ya yi auki, mai goyo aka fi ba. Nononta ya dawo. Damin ya kai mu har masara ta nuna. Wannan ban yi nadamarsa ba, ko yau aka dawo zan sake saukewa.

Da lokacin yafi ya yi na koma Rumde. Ƙanwata ta shiga ciki ta fito da ƙaramin buhu. Ba dami ba, buhu. Na buɗe na ga tsaba, an sussuke an sheƙe. Na ce wa ya sa ki sussuke iri? Ta ce ɓeraye ne suka sami hanya cikin durom suka fara yi wa zangarniyun ɓarna, shi ya sa ta yi sauri ta sussuke ta zuba a gwangwanin madara. Na ce ba ke kika ce ko ƙwaro bai shiga ba? Ta ce ai ɓera ba ƙwaro ba ne, Adda, ke ma da neman magana. Na ɗebo a tafin hannu na kai bakin ƙofa wurin haske. Rawaya ce, manyan tsaba. Na tauna. Na shinshina, ba ƙanshin hayaƙi, amma dama nata ba ya shan hayaƙi. Idona kuma a lokacin ya fara yin yana, ba na gani sosai. Na ɗaure buhun na ce Allah ya sa albarka.

Muka yafa. Ya fito kore shar. Yawancin baƙina sun koma garuruwansu a lokacin, amma Mama ta zauna, ta ce ba ta da wanda za ta koma wa. Ni da ita muka bi masu sanda muna zuba ruwa muna sa dashe, gona guda, bayanmu kamar zai karye. Ta ce ganyen ya yi mata laushi. Na ce ƙasar reno ce ta yi taki da yawa.

Da farko ya kama. Da ƙasa ta fara tsagewa sai na ga abin da ban taɓa gani ba a gonar nan. Masakwa a lokacin ne take ƙara duhu, tana tura saiwa. Wannan kuwa sai ta yi sauri ta fitar da kai tun ba ta kai ƙugu ba, ɗan siririn kai a tsaye, wuyan bai lanƙwashe ba. Sannan ganyen ya naɗe, ya yi ja, ya bushe tun daga ƙasa. Gonar maƙwabcina ta dama kore, ta hagu kore, tawa a tsakiya kamar an bi ta da wuta. Wani tsoho da muke iyaka da shi ya zo ya tsaya, ya tuge ɗaya ya dubi saiwar. Ya ce Goggo, wa ya ba ki wannan? Dawar damina ce, ƙaura, irin wadda ake aunawa a kasuwa. Ita sai da ruwan sama.

Na karɓi karan daga hannunsa, da saiwar da ƙasar da komai, na shiga mota da shi har Rumde. Mutane suna kallona a motar. Na shiga falonta da lakar ƙafata na ajiye shi a kan tayil.

Ta dube shi ta dube ni. Ba ta yi musu ba, wannan na ba ta. Ta ce a kasuwar Jimeta ta auna, ta zagaya sosai kafin ta sami mai kama da tamu. Na ce ina damina? Har sau biyu na tambaya. Sai ta ce sun sha kunu da shi da azumi.

Na ce na wannan shekarar?

Ta ce na kowace shekara. Tun da suka shiga sabon gini. In na kawo, azumi na kamawa take sa a niƙa, yaranta sun saba da kunun, maigidan ma ba ya buɗa baki da wani. Durom ɗin da take faɗa, ruwa suke tarawa a ciki.

"Adda, shekara nawa kina kawowa ba ki taɓa nema ba? Na ɗauka al'ada ce kawai ta Dada. Na ɗauka rabona ne kike kawo mini."

Na ce rabonki tsohon ne, kin sani.

"To tsohon ai ƙwaro ya gama da shi kafin shekara. Ba hayaƙi a nan. In zuba wa kaji?"

Na ce da sai ki faɗa mini in nemi wani gida. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na ce ranar da na zo na tambaye ki, kafin in sauke nawa, me ya sa kika ce yana nan?

Ta fara kuka. Ta ce kunya ta ji, kuma na shigo da fuskar da ba a iya faɗa mata gaskiya. Sannan ta share ido ta ce wata magana da har yau take cina:

"Da na ce babu, da kin bar yaran mutane da yunwa saboda dawa. Ni na taimake ki kika sami lada."

Na ce da kin ce babu, da na niƙa duka na bar zangarniya uku. Uku kawai. A hannun mace suke, na fizge na jefa a turmi, ina yi mata gorin ina da 'yar uwa.

Ta ce dawa dai dawa ce, za ta sa maigidan ya saya mini buhun masakwa mai kyau. Nan na tashi. Na bar mata karan a kan tayil, ta share da kanta.

Na nema, kar a ce ban nema ba. Na je gidan kawunmu, jikokinsa masara suke yi yanzu da shinkafa, ba su ma san zancen ba. Na bi matan da na taɓa ba kyautar tsaba, duk sun ci. Ni da Mama muka kakkaɓe rufin madafi, muka tona tsagar bango inda damin yake rataye, muka sami 'yan ƙwayoyi da suka zube tun ba a san yaushe ba. Na shuka su a tsohon kwano, ina ba su ruwa kamar jarirai. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Ba mu yi gaba da ƙanwata ba, kar wani ya ɗauka haka. Haramun ne, kuma Dada ba za ta so ba. Ina zuwa bikinta, ina zuwa ta'aziyyarta. Da aka yi mini aikin ido ita ta kwana da ni a asibiti. Dangi sun ce in manta, wai an rasa rayuka a shekarar nan, ni ina kukan hatsi. Gaskiya ne an rasa rayuka. Mama ta rasa miji, ba ta ko ga gawarsa ba. Amma ita ce kaɗai ba ta taɓa ce mini in manta ba. Waɗanda suka kashe mata miji ba su taɓa ce mata Adda ba. Ni wadda na goya ce ta ba ni lemo ta ce je ki niƙa.

Yanzu masakwar da nake yi daga tsohon nan maƙwabcina na samo irinta, fara ce. Ba ta da laifi, tana cika rumbu. Tuwonta dai in ya kwana sai ya yi ruwa, kununta kuma sai an sa sukari. Jikokina ba su san bambanci ba, su wannan suka sani. Ƙarfina ya ragu, ɗana ne ke tsaya wa masu dashe, ni zaɓen iri kawai nake yi, wannan ban bar wa kowa ba. Ina ɗaure dami biyu kamar yadda aka koya mini.

Na biyun gidan Mama nake kaiwa. Wani ɗanta da ya ɓullo daga baya ya sami aikin koyarwa ya kama musu ɗaki a Jimeta, tana dafa abinci da itace a tsakar gida, ta yi 'yar rumfa ta kwano a kan murhun. Duk ranar da na je gaishe ta, kafin ta kawo mini ruwa sai ta ja ni rumfar ta nuna sama da baki. Ban taɓa ce mata ta nuna mini ba. Wani lokaci har tsokanata take, ta ce Goggo ƙirga da kyau, kar ki ce Kirista ta yi miki giya da shi. In ce ke da ko shayi mai ƙarfi ba kya iya sha.

Bara da rani, a sunan jikar ƙanwata, ita ƙanwar tawa ta zauna kusa da ni. Ta tsufa ita ma, ƙafa tana damunta. Ta ga buhun da na ajiye a gefe, karan zangarniya ya leƙo ta baki, don daga nan gidan Mama zan wuce. Ta yi ƙasa da murya ta ce yanzu ta sa an gina mata murhun itace a bayan gida, gas ya yi tsada, hayaƙi kullum.

"Adda, ba za ki sake kawo mini ajiya ba?"

Na ce in kunu kike so, ki aiko in auna miki tsaba. Iri kuma yana da gida.

Aka zo da kunu ana rabawa, na ce na ƙoshi. Da aka yi addu'a na ɗauki buhuna na fita neman keke mai ƙafa uku.